Kuben farko da na ɗinka wa wuƙar layyar gidanmu

Wuƙar nan ta girme ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi yasa wani maƙeri ya ƙera masa ita da ƙarfen sifirin mota, kuma tunda nayi wayo da ita ake yanka ragon layya a gidanmu, da ita ake fiɗa, in an gama a wanke a goge a ajiye sai wata shekarar. Ruwanta inci 7 ne, ƙotar ice ce da tayi baƙi saboda hannu da kitse. Kubenta na asali ya lalace tun muna yara, shine tun lokacin ake naɗe ta a takardar buhun siminti a ɗaure da zare a cilla saman wadrob. Da aka raba ƴan kayan Baba ni ta faɗo wa, na cigaba da ajiye ta yadda na tarar.

Bayan Babbar Sallar 2024, wadda ta faɗo a watan Yuni, matata ta miƙa hannu saman wadrob ɗin zata ɗauko wani abu, ashe tsinin ya huda takardar ya leƙo, ya yanke ta a gindin babban yatsa. Ba'a kai ga ɗinki ba amma jini ya zuba sosai, sai da muka je kemis aka wanke aka ɗaure. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don da yaro ne ya taka kujera ya laluba wajen ba'a san inda abin zai tsaya ba. A daren nace dole wuƙar nan ta samu kube, kuma raina ya bani ni zan ɗinka da hannuna. Da na shiga Kasuwar Kurmi ta nan Kano na bada aikin an gama min cikin kwana biyu, na sani, amma wuƙar Baba ce, ina son ace akwai gumina a jikinta.

Ban taɓa riƙe basilla ba kafin nan. Abinda na sani shine ƴan bidiyoyin da na kalla a YouTube da daddare, su kuma mutanen can kayan aikinsu daban, fatarsu daban, komai an riga an auna musu a shago.

Na fara zuwa Ƙofar Wambai, wajen masu fata da takalma. Idona ya faɗa kan wata jar fatar akuya mai laushi kamar ƙyalle, irin wadda ake rinawa da karan dafi, na saya ban ma tsaya dogon bayani ba, mai sayarwar ya tambaye ni me zanyi nace ɗan ƙaramin abu ne, bai san wuƙa nake nufi ba. Fatar kam ba ta da laifi, irin ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce, wadda fatake suka dinga ketare Sahara da ita har turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Amma kaurinta bai fi milimita 1 ba.

Na dawo gida na shimfiɗa ta a tabarma, na kwantar da wuƙar a kai, na zagaye ruwan da biro, na ƙara ɗan fili kaɗan, na yanka biyu iri ɗaya da reza, na haɗa baki da baki na ɗinke da zaren ɗinkin takalmi. Cikin awa biyu na gama, kuma a ido yayi kyau sosai. Na zura wuƙar, da ƙyar ta shiga don ban lissafa kaurin gadon bayanta ba, ban lissafa wajen da ƙota ke farawa ba. Na zare na mayar, na zare na mayar, a na huɗu naji wani ɗan ƙara tas tas, ina dubawa kaifin ya tsinke zare guda shida a jere ta wajen cikin wuƙar, tsinin kuma ya fito ta ƙasa saura kaɗan ya shiga tafin hannuna na hagu da nake riƙe da kuben. Na zauna shiru na jima. Wannan ya ma fi takardar simintin haɗari, don takarda kowa ya ganta zai yi hattara, wannan kuwa mutum zai damƙa da zuciya ɗaya.

Kwana uku bayan nan na ɗauki wuƙar da yagaggen kuben na tafi wajen wani dattijon baduku da wani abokin aikina ya kwatanta min a cikin gari. Na same shi a zaure, ƙafa a miƙe, allon yanka a gabansa, guntayen fata ta ko'ina. Na gaishe shi nace Baba ga abinda nayi, don Allah ku duba min inda na kuskure. Ya juya shi gaba da baya, ya zura yatsa ciki, yace ɗana ai riga ka ɗinka mata, ba ka gina mata ɗaki ba. Ya jawo wani tsohon kube da aka kawo masa gyara, ya ɗaga bakin fatar da ta ɓare ya nuna min, ashe a ciki siraran ice ne guda biyu da aka fafe daidai ruwan wuƙa, jar fatar da koriyar da adon da muke gani a waje duk lulluɓi ne kawai. Yace wani da ice ake yi, wani da busasshiyar fata mai tauri, ƴan kasuwa na yanzu har kwali suke sawa, amma dai ba'a barin kaifi ya haɗu da zare. Ni duk tsawon rayuwata ina ganin kube a ƙugun mahauta da mafarauta ban taɓa tunanin me ke cikinsa ba.

Nace masa ban iya fafe ice ba. Yace to in haka ne ka nemi ƙirgi mai kauri, fatar shanu, jimar bagaruwa, ka ninke ta a gadon bayan wuƙar, ta ɓangaren kaifin kuma ka sa siririn yankin fata a tsakanin bakin biyu kafin ka ɗinke, kaifin ya dinga cin wannan yankin yana barin zarenka. Sai a lokacin na tuna na ga masu bidiyon nan suna sa wannan yankin, ni na ɗauka don kyau ne ko don bakin yayi kauri, na tsallake shi. Gaba ɗaya aikin ashe a kansa ya rataya.

Maganar jimar ma sai da ya zaunar dani a kai, kuma na gode da ya yi. Fata iri biyu ce ke yawo a kasuwa. Akwai ta majemar gargajiya da ake jiƙawa a ruwan bagaruwa, akwai ta kamfani irin na unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa wadda galibi da sinadarin kurom ake jeme ta. Ta kamfanin tana da laushi, ita ce ta takalmi da jaka da kujera, in ka yanka ta ka duba bakin zaka ga tsakiyar yayi shuɗi shuɗi ko ruwan toka, kuma in ka jiƙa ta ka lanƙwasa bata riƙe siffa, tana bushewa zata koma yadda take. Ta bagaruwa bakinta ruwan ƙasa ne har ciki, tana shan ruwa nan da nan, in ka matsa ta a jikin abu tana jiƙe ta bushe a haka to ta zauna kenan. Kube wannan halin yake so. Shi ya aiki yaronsa ya rako ni muka samo guntu, kaurinsa wajen milimita 3, ya ce a ɗauko daga wajen gadon baya ko kafaɗa, banda ta ciki don tana da saki tana miƙewa.

Wannan karon ban taɓa fatar ba sai da na ɓata kwali uku. Na ja layi a tsakiyar kwalin, na tsayar da wuƙar a kan gadon bayanta bisa layin, na kwantar da ita gefe a hankali ba tare da ta zame ba, sannan na zagaye da fensir har zuwa rabin ƙotar, don ina son kuben ya haɗiye rabin ƙota ya riƙe ta ba sai an sa maɓalli ba. Daga layin kaifin na ƙara santimita 2, na ninke kwalin na yanka. Na farko ya matse a wajen ƙota, na biyu yayi daidai amma da na kara shi a ƙuguna sai naga in na yanka fatar a haka fuskar mai santsi zata koma ciki, ko kuma kuben ya zama na bahago, kaifi yana kallon gaba. Na rubuta FUSKA da manyan baƙi a gefen da ya dace na kwali na uku don kar na rikice wajen yanka. Kwali banza ne, ƙirgin kuwa guntu ɗaya gare ni.

Yankan ƙirgi da reza wahala ce, tana lanƙwashewa, sai na koma wuƙar yankan kwali sabuwa, ina bin layin sau uku sau huɗu a hankali maimakon in danna da ƙarfi sau ɗaya. Yankin tsakiyar na fitar dashi daga ragowar, faɗin santimita 1, ya bi lanƙwasar kaifin tun daga baki har tsini, na fere ƙarshensa yayi siriri ta wajen tsinin don ninkin ya rufu. A can ƙasa na bar ƴar ƙaramar kafa da ban sa gam ba, saboda in ruwa ko jini ya shiga ya samu hanyar fita.

Madaukin da za'a zura bel ko a rataya a ƙusa shi ake fara ɗinkewa tun fatar tana shimfiɗe, in ka rufe kuben babu ta inda allura zata shiga. Dattijon badukun nan ya ja min kunne a kan wannan tun a zaure. Na ɗinke shi a bayan, na ɗan rarake hanyar zaren ta ciki da bakin reza don zaren ya nutse kar wuƙa ta dinga gogarsa wajen shiga. Ta cikin ninkin ma na rage kaurin kaɗan na shafa ruwa, ya ninku ba tare da fuskar ta tsage ba.

Sai gam. Irin na masu gyaran takalmi na saya, na kankare inda zai zauna da samfefa, na shafa a ɓangarorin biyu na bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, na manna yankin tsakiyar a gefe ɗaya, na sake shafawa na rufe, na bubbuga da guduma a kan katako, na danne da maƙalan shanya na bar shi ya kwana.

Huda ramukan nan ne ya fi bani wuya a duk aikin, kuma nan ne har yau alamar rashin sabo take a jikin kuben. Fata uku a haɗe kusan santimita 1 kenan. Na ja layi milimita 5 daga baki, na sa ɗigo duk bayan milimita 6, ramuka kusan 40 suka kama. Na ɗauki basillar da na saya na fara turawa ina riƙe da kuben a hannu, ta gaba layin yayi tsaf, da na juya bayan sai naga ramuka biyar ɗin farko kowanne ya fita inda ya ga dama, biyu sun kusa fita ta baki gaba ɗaya. Hannu ne ke karkacewa ba ka sani ba, kaɗan a sama ya zama da yawa a ƙasa. Na tsaya na ja layi a bayan shima, na kwantar da kuben a kan katako mai laushi, na sa guntun fata a ƙarƙashi ya daidaita, na dinga shafa wa basillar kakin zuma ina turawa a tsaye cak, ina ɗagawa ina duba inda tsinin zai ɓullo kafin in ƙarasa. Ya ɗauke ni tun bayan la'asar har aka kira magariba, tafin hannuna ya tashi. Na so in ɗauko ƙusa da guduma in huta, na ma gwada a guntu, amma ramin ƙusa faɗi gare shi kuma yana fasa bayan fatar, na basilla kuwa yana komawa ya rungume zaren.

Ɗinkin da allura biyu nayi, zare ɗaya allura a kowane ƙarshe, tsawonsa ninki biyar na layin ɗinkin, ya haura mita ɗaya. Na goge shi da kaki sosai. Kowane rami allurar dama ta shiga ta fita, ta hagu ta biyo ta cikin ramin, a ja su tare. Amfanin wannan shine ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan yana riƙe, ba kamar ɗinkin da nayi a kuben farko ba da ya warware kamar an ja bakin buhu. Sau biyu allurar ta biyu ta huda zaren farko a cikin rami, ya ƙulle, dole na zare na sake, daga nan na koyi jan zaren farko baya kaɗan lokacin da ta biyu ke wucewa. A bakin kuben na ninka ɗinkin sau biyu don nan ne yake shan wahala, a ƙarshe na koma baya rami uku na yanke na ƙona bakin zaren da ashana ya narke ya manne.

Da na zura wuƙar ta shiga amma sakwaf take, in na kifa sai ta zame. Wannan kuma aikin ruwa ne. Na shafe ruwan wuƙar da mai, na naɗe ta da leda har ƙota, na tsoma kuben a ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba don ruwan zafi yana ƙanƙance fata ya mayar da ita kamar ƙaho, ƴan daƙiƙu kawai har kumfar ta ragu, na cire na bari ya tsane. Na zura wuƙar na fara matsawa da cikin yatsu, musamman daidai inda ƙota ta haɗu da ruwa, ina bi ina dawowa kusan rabin awa. Jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa komai ya taɓa ta sai ya bar shaida, farcena ya bar guda biyu kafin in ankara in koma amfani da bayan cokalin roba. Daɗin da naji lokacin da siffar ƙotar ta fara fitowa a jikin fatar ba zan iya kwatanta shi ba, na kira matata tazo ta gani da yatsanta da bai gama warkewa ba.

Na ajiye shi a inuwa da wuƙar a ciki na tafi masallaci, daga can na biya wani waje, ban dawo ba sai bayan awa uku. Ina zarewa naga baƙin tabo kamar na tawada ya fito ta wajen tsinin, faɗin kwabo, ya ratso har fuskar. Ashe tsinin ya huda ledar, ƙarfen ya zauna a jikin jiƙaƙƙiyar fata. Na wanke na goge bai ko motsa ba. Raina ya ɓaci sosai don launin ƙasa ƙasan nan na fatar ya shiga raina.

Na koma wajen dattijon da shi bayan ya bushe kwana biyu. Ya duba ɗinkin tukuna, ya matsa bakin da babban yatsa, ya kifa kuben ya girgiza wuƙar bata faɗo ba, yace to yanzu ka yi kube. Ramukan nan biyu na baya ya gansu, ya ɗora farce a kai bai ce komai ba. Da na nuna masa tabon sai yace ai kuloko ne wuƙar ta yi maka. Baƙin da dukawa ke rina fata dashi daga ƙarfe ake samunsa, ana jiƙa kashin maƙera ko tsoffin ƙarafa har ruwan ya ɗauka, ruwan da kansa ba wani baƙi ne can ba, sai ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sannan take rikiɗewa nan take. Ba fenti bane da zai zauna a sama, cikin fatar yake canzawa, shi yasa baya wankuwa. Ya jawo wani tsohon gwangwani ya tsoma tsumma ya shafa a gefe, ina kallo wajen ya tashi daga ruwan toka ya koma baƙi wuluk kafin in ƙirga goma. Muka shafe fuskar gaba ɗaya, tabon ya ɓace a ciki. Yace in ya bushe in bashi mai don kuloko yana busar da fata, amma kar in cika, mai da yawa yana kashe taurin da na sha wahalar samu. Man kaɗe na shafa siriri sau biyu. Bakin kuma na daidaita shi da samfefa, na ɗan jiƙa na dinga gurzawa da guntun ice mai santsi da kaki har fata ukun suka haɗe suka zama kamar ɗaya.

Akwai abu ɗaya da ya biyo baya wanda ban yi tsammani ba. Na saka wuƙar a kubenta na jefa a durowa na kulle, hankalina kwance, ban sake dubawa ba sai ƙarshen Agusta, tsakiyar damina. Na tarar da farin hunhuna a jikin madaukin, ruwan wuƙar kuma tsatsa ta yi masa ɗigo ɗigo ta gefen da ya kwanta a fata. Fata tana jan laima ta riƙe, ƙarfen maƙera kuma ba irin na wuƙaƙen kanti bane da basa tsatsa. Na goge tsatsar da toka da samfefa mai laushi, ta fita amma ta bar ƴan ramuka ƙanana guda uku kusa da gadon baya, a wuƙar da ta shekara da shekaru a takardar siminti bata yi haka ba, wannan ya dame ni ƙwarai. Tun daga nan na buga ƙusa can sama a bangon ɗakina inda iska ke wucewa kuma hannun yara baya kaiwa, nan take rataye, ina shafa mata man gyaɗa siriri, in damina ce duk sati biyu sai na zare na duba, in za'a yi aiki da ita a wanke da sabulu.

Da Sallar 2025 da ita muka yanka, kuben yana ƙuguna tun daga yanka har aka gama fiɗa, duk sanda zan ajiye ta sai na goge jinin da tsumma kafin in mayar. Ya ɗan saki kaɗan a baki, in na kifa na girgiza da ƙarfi yanzu tana motsi, ina da niyyar sake jiƙa wajen ƙotar in matse in hunturu ya shigo. Ramukan nan biyu na baya su nake yawan dubawa, ɗaya fatar gefensa ta fara ɗan tsagewa, inaga nan ne zai fara neman gyara. Da daddare bayan an watse na haska tocilan waya cikin kuben, yankin tsakiyar duk kaifin ya tsattsaga shi, layi layi a jere, zaren kuwa ko ɗaya bai taɓu ba.